Wai da gaske kifi yana shiga harkar giya? Wata baƙuwa ta ɗaure min kai a wurin aiki

Mai_Kai_Oda

Jama'a barkanmu da warhaka. Ina aiki a wani gidan cin abinci, ni ke karɓar oda in kai wa mutane tebur. Ni ba na shan giya, amma tana cikin abin da muke sayarwa, kuma ya kamata a ce na san abin da nake ɗauka a kan tire. Jiya da daddare wata mata ta zo da abokan aikinta su huɗu. Tun kafin ta zauna ta gaya min ita bigan ce, wato ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara, har zuma ba ta taɓawa. Wannan bai dame ni ba, muna samun irinsu, kuma a takardar abincinmu akwai ɗan koren ganye da aka zana a gefen duk abin da ya dace da su. Na nuna mata, ta zaɓa, lafiya lau.

Da aka zo kan abin sha ne na shiga uku. Ta nuna ɗaya daga cikin giyar da muke zubawa daga famfo ta ce, "Wannan da me aka tace ta?" Na ce mata ai giya hatsi ce da ruwa, me ya haɗa ta da dabba? Da ƙarfin gwiwa na faɗa, har da murmushina. Ta ɗan yi dariya, ba ta raini ba, ta ce in daure in tambayo ko an yi amfani da wani abu na jikin kifi. Na zaci kunnena ne, na ce kifi? Ta ce eh, kifi. Na shiga ciki na tambayi mai kula da famfunan, ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da goge kofuna. Na ɗauko kwalba ɗaya na juya ta gaba da baya, ban ga komai ba sai gargaɗin cewa akwai sha'ir a ciki. A ƙarshe ruwa mai gas ta sha da yankan lemun tsami, ni kuma na yi ta zagaye teburin nan ina jin kunya har suka tafi.

Yau da safe manaja ya ce tunda ni na kwaso maganar, ni zan sa koren ganyen a jerin abin sha kafin ƙarshen mako. Iri tara muke da su: huɗu a kwalba, uku a gangar ƙarfe mai gas, ɗaya a gangar da ake ja da famfon hannu, sai ɗaya marar barasa. Don Allah wanda ya san harkar ya warware min. Wace hanya kifi ya bi ya shiga giya? Kuma ta yaya zan gane wadda zan sa wa ganye, tunda kwalbar ba ta faɗa?

Tsohon_Ɗakin_Gwaji

Ɗan'uwa, matar nan ta san abin da take faɗa. Na yi shekaru a ɗakin gwajin wani kamfanin giya kafin in koma wani fanni, kuma abin da take nufi na riƙe shi da hannuna ba sau ɗaya ba.

Ba ka yi ƙarya ba da ka ce hatsi ce da ruwa. Abu huɗu ne ginshiƙinta: ruwa, sha'ir da aka tsirar aka busar, furen hop mai ba ta ɗaci, da yis. Ko yis ɗin ba dabba ba ne, dangin naman kaza ne, wannan da ke tsirowa a ƙasa da damina, don haka 'yan bigan ba su da rigima da shi. Gizo yana saƙa ne bayan an gama. In yis ya cinye sukarin hatsin ya mai da shi barasa, ba ya tattara kayansa ya tafi. Miliyoyin ƙwayoyinsa suna nan suna yawo a cikin ruwan, ga ɓurɓushin furotin na hatsi, sai giyar ta fito a dagule kamar ruwan da aka wanke shinkafa. In ka bar ta a sanyi za ta kwanta da kanta, amma sai ka yi makonni kana jira, kuma tankin da ke zaune ba ya kawo kuɗi.

Ka san yadda ake jefa alif a ruwa mai laka, ka dawo bayan ɗan lokaci ka tarar lakar ta kwanta ƙasa ruwan ya yi garau? To aikin ke nan, sai dai alif ɗin masu giya daga cikin kifi yake fitowa. Yawancin kifaye suna da wata 'yar jakar iska a ciki, da ita suke daidaita hawa da sauka a ruwa. Ita ake cirewa a busar. In ka gan ta a bushe kamar guntun fatar da ta sha rana take, fara-fara, da tauri. Sai a yayyanka a jiƙa a ruwa mai ɗan tsami har ta narke ta zama wani abu mai yauƙi, fari, kamar koko da aka dama da ruwa da yawa. Sunansa aisingilas. Kusan gaba ɗayansa kolajin ne, wato furotin irin wanda ke cikin fata da ƙashi. Ƙwayoyin yis suna ɗauke da cajin lantarki irin na ragi, shi kuma a cikin tsamin giya yana ɗauke da na ƙari, sai su manne da juna su yi curi-curi, nauyinsu ya ja su ƙasa. Kimanin rabin lita ya isa ganga mai lita 40, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu ka ga giya ta yi tas. Abu ne mai tsiwa kuma, in ya ji zafi ya wuce digiri 20 ya lalace, don haka kullum a sanyi muke ajiye shi.

Da can daga kifin sitajin ake samunsa, wannan da ƙwansa ke da tsadar gaske, galibi daga Rasha. Da tsada ta yi yawa, a 1795 wani injiniya ɗan Sikotilan mai suna William Murdoch ya gano yadda za a yi makamancinsa da kifin kod. Yanzu kuwa mafi yawansa daga kifayen ƙasashe masu zafi yake zuwa.

Wani zai ce mene ne na damuwa da sai ta yi garau? Ido ne kawai. Lokacin da ake sha a kofin ƙasa ko na ƙarfe ba wanda ke leƙa ciki. Da gilashi ya yi araha, aka kuma fito da farar giyar nan mai ruwan zinariya a garin Pilzen na ƙasar Cek a 1842, sai mutane suka fara ɗaga kofi suna hango fitila ta cikinsa. Daga nan duk giyar da ta yi hazo sai a ce ta lalace, ko da lafiyarta ƙalau.

Yanzu ga jerinka. Wadda na fi zargi ita ce ta famfon hannu. Irin wannan gangar, wadda aka fi sani a Birtaniya, da ranta ake kawo ta: ba a tace ta da inji ba, ba a dafa ta don kashe yis ba, a ɗakin ajiyarku take ƙarasa nuna. Tunda ba inji, dole wani abu ya kwantar da yis ɗin a cikin gangar kanta, kuma bisa al'ada aisingilas ne. Je ka tambayi mai goge kofunan nan me ya sa ake hana shi girgiza wannan gangar, kuma me ya sa ba ya zuba ragowar ƙasanta wa kowa. A wannan lakar kifin yake.

Na kwalba da na ganga mai gas sun fi sauƙi, domin manyan kamfanoni da inji suke yi: akwai mai juyawa da gudu ya wurgar da yis gefe, akwai matatar da ake cika ta da wata farar ƙasa, akwai silika, akwai wata hoda ta roba da ake kira PVPP, akwai kuma ciyawar teku da ake jefawa a tukunya minti goma ko sha biyar kafin a sauke. Duk ba dabba a cikinsu. Amma kada ka ce tunda kwalba ce shi ke nan. Wasu suna zuba aisingilas ko jelatin tun a tanki don su rage wa matata aiki, jelatin kuwa daga fata da ƙashin alade ko saniya yake. Babban misali Guinness ne. Kamfanin yana nan a Dablin, babban birnin Ailan, tun 1759, ya daɗe yana amfani da aisingilas, sai a ƙarshen 2015 ya sanar zai daina, ya sa sabon injin tacewa. Ta ganga ta fara zama ta 'yan bigan a 2017, sauran suka biyo baya. Ka ga ke nan ko suna ɗaya ne, amsar tana iya canzawa da shekara, tana iya canzawa da mazubi.

Ganye_Zalla

Sannu da ƙoƙari, Mai_Kai_Oda. Ni shekarata shida da barin kayan dabba, kuma wallahi da kowane mai kai oda zai shiga ciki ya tambaya kamar yadda ka yi, da mun huta. Yawanci cewa ake yi "eh, ba komai a ciki" don dai a rabu da ke.

Malam ya gama bayanin tacewa, ni zan ƙara maka waɗanda ba a ɓoye suke ba, an zuba su ne da gangan kuma suna nan a cikin kofin. Na farko sukarin madara. Yis ɗin giya ba ya iya cinsa, don haka yana zama ya ba ta zaƙi da kauri. A baƙar giya aka fi sa shi, duk wadda ka ga an ambaci madara ko kirim a sunanta ka yi hattara, haka ma sababbin nan masu kauri da ɗanɗanon 'ya'yan itace kamar an haɗa su da askirim. Sa'arka ɗaya, madara tana cikin abubuwan da ke tayar wa wasu da cuta, don haka galibi za ka gan ta a rubuce. Na biyu zuma. Na uku, ko ka yarda ko kada ka yarda, akwai baƙar giyar da ake dafawa da kawa, wannan abin teku mai ɓawo. Sai jar kala da ake samu daga wani ƙwaro, lambarta E120, tana fitowa jefi-jefi a masu launin ja.

Dalilin da ya sa ka juya kwalba ba ka ga komai ba kuwa, doka ce ta ba su dama. A Tarayyar Turai, misali, giyar hatsi da barasarta ta wuce kashi 1.2 cikin ɗari ba dole ba ne a jera abin da ke ciki. Abin da ke tayar da cuta kaɗai ya zama tilas, shi ya sa ka ga sha'ir. Kifi ma yana cikin wannan jerin, amma an ware aisingilas ɗin tace giya da ruwan inabi an ce ba sai an rubuta ba. Ita marar barasar taka tana iya zuwa da jerin kayan haɗi, amma kada hakan ya ruɗe ka, domin abin da aka yi aiki da shi aka cire ba a ƙirga shi cikin kayan haɗi. Kuma da yawa daga cikinsu giya ce sosai aka fara yi, daga baya aka zare barasar, don haka duk abin da ya ratsa 'yar'uwarta yana iya ratsa ta.

Abin da nake yi ni: in akwai tambarin bigan a jiki, ko furen sanfulawa na ƙungiyar Vegan Society ko harafin V mai ganye wanda aka rubuta "vegan" tare da shi, na gama. In babu, in duba shafin Barnivore, inda mutane ke tura amsoshin da kamfanoni suka ba su. Amma ka duba ranar amsar, wata ta kwana biyu. Kai da za ka buga a takarda mutane su dogara da ita, gara ka rubuta wa kamfanin kai tsaye. Kuma kada ka tambaye su "giyarku ta bigan ce?", mai amsa saƙo zai duba sha'ir da ruwa ya ce eh, kamar yadda ka ce wa matar. Ka ce: kuna amfani da aisingilas, jelatin, sukarin madara ko zuma a wannan giyar, a wannan mazubin? Ka ƙara da tambayar ko a wata ƙasa ake yi musu ita da izini, domin suna ɗaya na iya fitowa daga masana'anta biyu masu hanya daban.

Ba_Na_Son_Wahala

Ni fa ku yi haƙuri, abin nan ya yi yawa. Malam da bakinsa ya ce abin yana kwantawa ƙasa, ba a zuba wa kowa lakar. To in bai shiga cikinki ba, ina laifin? Kifin nan ma ba don giya aka kama shi ba, an kama shi ne don ci, jakar ciki ce da da za a jefar. In haka za a bi, gam ɗin da ake manna takardar kwalba ma wasu da furotin madara ake yinsa. Gonar sha'irin fa, da kashin shanu aka yi mata taki. Motar da ta kawo ta buge ƙwari nawa a hanya? Ina za a tsaya? Mai_Kai_Oda, ka sa ganye a duka tara ka huta, ba wanda zai mutu.

Ganye_Zalla

Ɗan'uwa, ba wanda ya ce za a mutu. Ba tsoron abin da zai shiga cikina nake yi ba, na san abin da ya rage a kofi ɗan mitsitsi ne ko ma babu. Kuɗina ne ba na so ya je ga sayen jakar kifi alhali ga wata giya a gefenta da aka yi ba tare da ita ba. Kuma batun da za a jefar, busasshiyar jakar kifi haja ce mai kasuwarta, ana sayenta da tsada a Asiya don miya, har akwai kifayen da saboda ita kaɗai ake farautarsu.

Tambayarka ta ina za a tsaya kuwa tambaya ce ta gaskiya, kuma ba yau aka fara yin ta ba. Ƙungiyar Vegan Society da Donald Watson da abokansa suka kafa a Ingila a 1944, ita ta ƙirƙiro sunan bigan, a ma'anar da take bayarwa ta ce a guje wa amfani da dabba gwargwadon abin da zai yiwu a aikace. Takin gona ba ni da yadda zan bi diddiginsa. Gam ɗin kwalba, gaskiya ni ban kai can ba, akwai waɗanda suka kai, ban kuma ga laifinsu ba. Amma zaɓi tsakanin famfo biyu da ke gabana, wannan bai fi ƙarfina ba. Kowa da inda ya ja layinsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mai kai oda ya ja min nawa a ɓoye. In ya sa ganye a duka tara, ganyen ya zama ado, har na jerin abincin ma ba zan ƙara yarda da shi ba.

Tsohon_Ɗakin_Gwaji

A kan cewa ba ya rage komai, in gyara kaɗan: kusan duka yake kwantawa, amma ban taɓa sa hannu a takardar da ta ce ko ɗigo babu ba. Ba_Na_Son_Wahala yana da gaskiya ta fuskar lafiya, shi ya sa ma doka ta sassauta. Sai dai ba tambayar lafiya matar ta yi ba.

Wani abu da na manta, Mai_Kai_Oda. In cikin kwalabenka akwai giyar alkama irin ta Jamus, mai hazo da gangan, da wuya a ce an sa mata wani abin kwantarwa, tunda hazon ne adonta. Giyar Jamus gaba ɗaya ma ta fi kwanciyar hankali, saboda tsohuwar dokar Babariya ta 1516 da ta taƙaita kayan haɗi ga ruwa, sha'ir da hop, kuma har yau masu yin ta suna alfahari da hakan. Duk da haka ita dokar kayan haɗi ce, ba takardar shaidar bigan ba, ka dai tambaya. Haka kuma hazo shi kaɗai ba hujja ba ne, masu kaurin nan da 'yar'uwa ta ambata suna da hazo, amma da sukarin madara a ciki. Akwai ƙananan kamfanoni yanzu da ke fitar da gangar famfon hannu ba tare da aisingilas ba, sukan rubuta a jikin gangar ko a alamar famfon cewa ba a kwantar da ita ba. Ka sauka ɗakin ajiya da tocila ka karanta takardar da ke manne a gangar.

Mai_Kai_Oda

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga inda aka kwana. Na sauka ɗakin ajiyar kamar yadda Malam ya ce. Takardar gangar ba ta ce komai ba sai rana da lamba, amma na sa aka karkato min wadda ta ƙare, na ga lakar da idona, fara-fara mai yauƙi, kamar majina, ku gafarce ni. Mai goge kofunan ya ce shekara uku yana zubar da ita bai taɓa tambayar mece ce ba.

Na tura saƙo ga kamfanoni shida da irin kalmomin da 'yar'uwa Ganye_Zalla ta ba ni. Huɗu sun amsa cikin kwana uku. Abin da ya fi ba ni mamaki, giyar famfon hannun muna da ita a kwalba ma, suna ɗaya, hoto ɗaya. Amsarsu ta ce ta gangar da aisingilas ake kwantar da ita, ta kwalbar kuwa inji ne kawai. Wato da matar nan ta nuna firij maimakon famfo, da ta sha abinta. Baƙar giyarmu ta kwalba kuwa ashe sukarin madara na rubuce a bayanta da ƙananan haruffa, ni ne ban san abin da nake nema ba. Marar barasar tana da tambarin bigan a wuyanta, shi ma ban lura ba sai yanzu.

Don haka biyar sun samu ganye, biyu babu, biyu na bar su fayau har kamfanoninsu su amsa. Manaja ya so in sa wa biyun nan ma, ya ce ai kusan tabbas ne. Na ce masa in ya sa, ranar da matar ta dawo shi zai je teburinta. Ya ce a bar su haka.